Ni Ce Na Hura a Madadin Inno

Roni, 9 ga Maris, 1977

Zuwa ga Hamma Lauwali,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da Adda Asma'u da yara, da aiki a can Fatakwal. Allah ya ƙara tsarewa. Mu nan alhamdu lillahi, shanu sun dawo lafiya, kuma ƙanwarmu Shatu ta sauka, an sami mace. Sai dai jikin Inno, mahaifiyarmu, yana nan yadda ka bar shi, har ma ya ƙaru. Daga ɗakinta zuwa bakin randa sai ta tsaya sau biyu tana haki.

Hamma, akwai abin da na yi, wata biyu ke nan ina ɗauke da shi. Wasu likitoci sun zo daga Kano suna binciken abin da ke kawo wa mata tari da haki. Suna da wani ƙarfe mai kamar agogo, ana hura shi, allurar ta tsaya inda numfashin mutum ya kai. Wadda nata ya gaza sai a rubuta sunanta a kai ta Kano hoton ƙirji. Ranar da suka iso unguwarmu duk maza ne, don haka suka tsaya a zaure, suka ba ni ƙarfen na shiga da shi. Inno ta hura iya ƙarfinta, allurar ko motsin kirki ba ta yi ba. A lokacin gari ya ɗauka cewa duk wadda aka rubuta tarin fuka gare ta. Sai na tuna furata da nonona, na ce wa zai ƙara saye a gidan da aka ce akwai fuka? Na zaga bayan rumbu na hura da kaina, na kai musu.

To, Dela maƙwabciyarmu an rubuta ta, an kai ta. Ashe ba fuka ba ce, hayaƙin murhu ne na shekaru ya ci mata huhu. Sun ba ta magani, an fitar mata da murhu waje, yanzu har rijiya take zuwa. Ita kuwa Inno kati suka ba ta cewa lafiyarta ƙalau. Ta adana shi cikin kwallarta, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna masa. Har ta roƙe ni gafara, wai ashe raki ne take yi mana, ta kuma koma bakin murhu, na hana ta, ta ƙi. Kunya ta hana ni kallon idonta.

An ce likitocin za su dawo bayan watan Mauludin nan. Don Allah ka rubuto musu takarda da Turanci ka faɗi abin da na yi, ni zan kai da hannuna ko a gaban wa ne. Faɗan da za ka yi mini kuma na cancanta, kada ka rage.

Ka gaishe da Adda Asma'u, da Sama'ilu da Abu. Kawu Daudu yana gaishe ka. Inno ma tana gaisuwa, sai da ta huta sau uku kafin ta gama saƙon. Ta ce in gaya maka kada ka damu, likita ya ce ƙirjinta kamar na yarinya.

Ƙanwarka,
Saude