Shatin Hannun Hantsi a Bakin Rumbu

Zuwa ga Baturen da ke rangadin ƙasarmu,

Gaisuwa da ban girma daga Labbo falke, mutumin Jega. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Malamin unguwarmu ne ya rubuta mini ita, na kuma roƙe shi ya karanta ta a bakin kasuwa kafin a kawo maka, don abin da ya same ni yana jiran duk falken da ke ɗaurin kaya a yanzu. Na zo barikinka da ƙafata, masinja ya kore ni. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, saboda haka zan faɗi abin da ke raina.

Na farko, ranka ya daɗe, bari in gaya maka yadda falke yake shirin Gwanja, don na lura ba a taɓa gaya maka ba. Mai tafiya sayen goro yakan bar gida bayan kaka, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Faransa, ya zauna can wata da watanni yana sayar da kayansa, ba ya dawowa sai damina ta yi nisa. Bara na ɗauki gabu daga Aliero, wato busasshen ganyen albasa, da kanwa da baƙaƙen zannuwa a kan jakuna biyar. Na ware guzuri, na ware kuɗin fito, da abin da Faransa za su karɓa, da la'adar mai masauki. Na sa a raina jaki ɗaya zai mutu a hanya, ya kuwa mutu. Har likkafanina na naɗe cikin kaya, kamar yadda ubana yake yi.

Amma duk wannan ƙaramin lissafi ne. Babban yana gida. Muka zauna da matata Kulu muka ƙirga bakunan da zan bari: ita, da tsohuwata, da 'yarmu Hantsi wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Muka raba geron gida biyu. Rumbu ɗaya a buɗe don cin rani. Ɗayan, mai dami sittin, na lokacin da ruwa ya sauka ne, sa'ad da hatsi yake ɓacewa a kasuwa. Shi wannan akan yaɓe bakinsa da laka, mai gida ya danna tafin hannunsa a kai tun tana ɗanya. Duk wanda ya ga shatin hannun nan ya san mai gidan yana hanya, zai dawo, kuma abincin iyalinsa ne na damina. Ko ɓarawon garinmu yana jin kunyar wannan laka. Ranar da na yaɓe nawa, Hantsi ta yi ta kuka sai an hau da ita. Na ɗaga ta, ta danna ɗan hannunta kusa da nawa, muna ta dariya.

Na biyu, haraji. Ban tafi da bashinku ba. Na kai wa mai unguwa kuɗin wuri, keso guda cur, wato buhun wuri dubu ashirin, a gaban shaidu, na ce in lokaci ya yi ya biya mini. Da kuɗin wuri ubana ya biya, da su na biya bara waccan, aka karɓa. Ina can Gwanja aka yi shela cewa ba a karɓar wuri kuma, sai sulalla. Ban ga laifin mai unguwa ba, shi ma wuƙa ce a wuyansa. Ya kai keson aka dawo masa da shi, aka tambayi ina Labbo. Da aka ce ya haye Kwara, sai malamin haraji ya sa ni cikin waɗanda suka gudu ƙasar Faransa.

Na uku, da bazara, hadari ya fara haɗuwa, dogarai biyu da masinjanka suka shigo gidana neman hatsin masu aikin hanya, wai a madadin harajina. Rumbun rani ya kusa ƙarewa, kamar yadda muka tsara. Suka kafa tsani a jikin na damina. Kulu, macen da ko maƙwabci bai san muryarta ba, ta fito tsakar gida ta riƙe tsanin tana cewa, "Ku dubi hannu nai ga laka! Wanda yag gudu ba shi barin hannu nai." Masinja ya ce mata Bature bai san laka ba, takarda ya sani. Suka fasa da gatari, suka kwashe dami sittin, ba su bar ko zangarniya ba. Harajina gaba ɗaya bai kai kuɗin dami goma ba, ranka ya daɗe. Sauran hamsin ɗin, har yau ban ji wanda ya ce ga inda suka shiga ba.

Kulu ta goya Hantsi ta taka har Maiyama wurin wanta. Ta tarar an tafi da shi aikin hanyar nan da ake ciyarwa da gerona. Ta dawo da ƙwarya ɗaya ta dusa. Ga keson wurin da mai unguwa ya maido mata a ɗaki, amma masu hatsi sun ji shela, ba mai karɓa. Da marka ta kama suka koma cin ganyen tafasa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Cikin babba yakan jure. Hantsi ƙafafunta suka kumbura, ta daina kuka, ta rasu gero yana fitar da kai.

Ni kuwa ina hanya ina yayyafa wa goro ruwa kada ya bushe, hankalina kwance, ina cewa iyalina na cin tuwo. Har tsakiya ja, dutsen ado, na sayo wa Hantsi. Wallahi zuciyata ta ƙone, kuma ba ta huce ba. Na yi lissafin kura da 'yan fashi da kogi da ajalina. Ban yi lissafin hukuma ba.

Na huɗu, ga inda nake yau. Kaka ta yi, madugun ayarinmu ya sa ranar tashi. Sulallan da kuke nema ba sa tsirowa a gona, sai an je an nemo. In na zauna, ba ni da na haraji, a kwashe rumbu. In na tafi, a ce na gudu, a kwashe rumbu. Gaba kura, baya siyaki. Na sayar da jakuna biyu na sake cika rumbun damina, don tsohuwata tana nan, Kulu kuma tana da ciki, haihuwarta za ta faɗo cikin damina ina can. Jiya na kwaɓa laka zan yaɓe, Kulu ta dube ni ta ce, "Mi za ka yaɓe ma, Labbo? Bar shi buɗe, su ɗiba ba su ɓata muna rumbu ba." Lakar tana nan ta bushe a ƙasa, na kasa hawa.

Ga roƙona. A cire sunana daga cikin masu gudu, a karɓi harajina yanzu da sulalla kafin in tashi. A yi shela da bakinka cewa rumbun da ke da shatin hannu ba a taɓa shi sai mai shi ya dawo. Ban nemi a biya ni dami hamsin ba, ban san me zan yi da su ba yanzu.

Tare da takardar nan akwai ɓallin laka cikin tsumma, Kulu ce ta tsince shi a gindin rumbu ranar da aka fasa. An ce ba ka san laka ba, shi ya sa na aiko maka ka gani. Babban hannun nawa ne. Ƙaramin, mai yatsu huɗu don gatari ya cire ɗaya, na Hantsi ne. In ka gama dubawa, don Allah a dawo mana da shi, kada masinja ya yar. Ba mu da wani abu nata sai shi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka koma ƙasarku ka tarar da naka yadda ka bar su.

Wassalam.

Labbo falke, Jega.