Mma Ta Ji Ka Sarai, Yaya Mustafa

Zuwa ga Yayana Mustafa, a Jamus.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙanwa take yi wa yayanta, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan Zangon Kumasi mun gode Allah.

Na rubuto maka a nan, inda kowa zai gani, domin kai ma a bainar jama'a ka kira ni ɓarauniya. A gurup ɗin dangi ka rubuta, inda kawunnanmu suke, inda mijina yake. Na yi ta kiranka ka ƙi ɗagawa. To, ga amsata.

Ka tuna wata uku da suka wuce ka ɗora mini aikin zaɓo maka kayan sauti na falon gidan da kake ginawa a Atonsu. Ka ce kana so in an kunna fim, jirgi ya wuce ta bayan kan mutum kamar a silima. Ni tela ce, Yaya, keken ɗinki na sani. Amma ban ce maka a'a ba. Kwana uku na rufe shagona a Ashtawun, ga ɗinkin biki a gabana. Na hau motar haya ta tirotiro zuwa Atonsu, na auna falonka da tef ɗin awon riga, tsawo da faɗi, na rubuta a bayan hannuna.

Kai kuma kullum da sabuwar magana. Yau ka turo bidiyo ka ce sifika bakwai kake so, gobe ka ce a'a, a sayi doguwar nan guda ɗaya da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, jibi ka ce wufa biyu, manyan nan masu rugugi, don abokinka wufa biyu gare shi. A cikin makonnin nan ka kira ni fiye da yadda ka kira ni a shekara tara da tafiyarka. Sau nawa a ciki ka ce in miƙa wa mahaifiyarmu Mma wayar? Ka ƙirga da kanka.

Na zaga shagunan Adum har ƙafata ta kumbura. Daga ƙarshe na samu wani dattijo ɗan ƙabilar Asante mai haƙuri, ya zaunar da ni a kujera tsakiyar shagonsa. Ya dubi awona ya ce falon bai kai a cika shi da bakwai ba, biyar da wufa ɗaya sun isa: biyu a gaba, biyu a baya sama da kunne kaɗan, ɗaya a tsakiya. Ya ce tayil ɗin da ka shimfiɗa zai sa sauti ya yi ta amsa kuwwa, sai an sa kafet da labule mai kauri. Sannan ya dafa ta tsakiyar ya ce, Amariya (haka suke kiran matan Zango), wannan ce ke ɗauke da muryar mutum, in ta yi kyau ko raɗa aka yi za ki ji. Ya rage sauran, ya ƙara mata. Sai na ji mai labarai yana magana kamar a kafaɗata yake zaune.

Wallahi ba fim ɗinka na tuna a lokacin ba. Mma na tuna.

Ba ka san yadda jinta ya koma ba, don ba ka tambaya. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Na'urar kunnen da likita ya ba ta tana yi mata ƙara, ta cire ta ajiye. In ka kira ranar Salla, tana danna wayar a kunne tana cewa na'am, na'am, Allah ya yi albarka. In ka kashe sai ta juyo ta tambaye ni me ka ce. Ni nake ƙirƙira mata. Ni nake cewa ka ce kana nan zuwa.

Gidanka ba a sa tagogi ba tukuna, damina kuma ta sauka, don haka da na sayi kayan sai na kai kwalayen gidan Mma. Ban ɓoye ba, ban sayar ba. Abin da na yi shi ne na buɗe su. Na jera su a ɗakinta yadda dattijon ya koya mini, ta tsakiya a kan kabad daidai fuskarta, na haɗa da wayata. Na fara sa mata karatun Alƙur'ani. Ta ɗaga kai tana waige-waige, sai ga leɓɓanta suna bin ayar. Daga nan na nemo tsohon saƙon muryarka na barka da Salla. Sau huɗu ta sa na maimaita. Ta ce, ashe muryar Mustafa ta koma ta babansa.

Mako biyu Mma tana cikin farin ciki. Maƙwabta suna shigowa jin tafsiri, tana aika a sayo musu koko da ƙosai. Niyyata in gaya maka, in ce ga abin da kayanka suka yi. Ina jiran ranar da zan same ka cikin natsuwa. A nan na yi kuskure, na yarda. Da na gaya maka tun ranar farko.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka kira. Mai kula maka da gini ya ce maka bai ga kwalaye ba. Wayata tana haɗe da sifikar, Mma tana kan dardumarta. Na ɗaga da murna, ina so in ce Yaya yi magana, yau za ta ji ka da kanta. Da ƙyar ka bari na faɗi inda kayan suke. Sai ka ce: tsohuwar da ba ta ji, me za ta yi da kayan sauti? Ka ce ku mutanen Zango ba ku san darajar abu ba, shi ya sa ba ka son zuwa.

Muryarka ta fito daga gaba, daga baya, daga tsakiya, Yaya. Na zaɓa maka kaya masu kyau, ko harafi ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Na yi ta laluben wayar in kashe.

Mma ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da jan carbinta har ta kai ƙarshe, sannan ta ce in naɗe wayoyin da kyau kada su karye, in mayar maka da kayanka. Matar da ta yi shekara ashirin tana dafa wace, shinkafa da wake, a bakin titi kusa da Manhyia, hayaƙi yana cin idonta, har ta sayar da zannuwan aurenta aka cika maka kuɗin jirgi. Ita ce ba ta san darajar abu ba?

Washegari, maimakon ka nemi gafararta, sai ka shiga gurup ka ce na sace maka kaya.

To ka kwantar da hankalinka. An sa tagogin. Kayanka suna Atonsu, na sa an ɗaura kowace a mazauninta, na gwada da kaina, jirgi yana wucewa ta bayan kai yadda kake so. Makullin yana hannun mai kula da ginin. Kada ka sake aike na.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya hana ni sukuni. Da, kullum da safe Mma takan tambaye ni ko ka kira. Yau kwana goma sha ɗaya ba ta ambaci sunanka ba. Tana cin abinci kaɗan. Amma na gan ta jiya ta fito da rigar makarantarka daga ƙasan akwati, ta shinshina, ta mayar. Ni fushi nake yi da kai, Yaya, fushi mai tsanani, amma ban manta wanda yake goya ni zuwa makarantar allo in ruwa ya cika lungu ba. Saboda wannan yayan nake roƙonka: kada ka turo saƙo, kada ka turo kaya. Babu abin da za ta ji da shi yanzu. Ka zo da ƙafarka, ka durƙusa ta gefenta na dama, ka matso da bakinka kusa.

Allah ya ja kwanan Mma har ka iso. Allah ya tausasa zuciyarta a kanka, ya sanyaya tawa, ya ji ƙan Baba. Amin.

Ƙanwarka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Rakiya
Zango, Kumasi