Ta'aziyyar Baba Kafinta, da Makullin da Bai Dawo Ba

Cikin alhini, da ruɗewar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Kama Hannun Samari ke sanar da iyalai, da iyayen yaranmu, da masu sana'ar da ke taya mu horo, da dukkan jama'a, rasuwar wanda ya kafa wannan ƙungiya, Babban Mai Horarwarta, Mataimakin Shugaban Kwamitin Amintattunta, ubanmu kuma uban yaranmu, wanda babba da yaro suka sani da Baba Kafinta. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

An ce in rubuta cewa mun sami labarin rasuwarsa, domin haka aka saba rubutawa. To, mu ba labari muka samu ba. A gabanmu abin ya faru, ba mu kuwa sani ba. Na iso shagon koyon sana'a na ƙungiya da safe na tarar da ƙofa a kulle, Baba yana zaune a kan bencinsa na bakin ƙofa, ya jingina da bango, ya rufe ido, hannuwansa a kan cinya, yara sun jeru a gefensa sun yi tsit. Na gaishe shi bai amsa ba. Ban kawo komai a raina ba, har na tsokane shi na ce yau kuma fushin har da ni telarku. Na nemi wuri na zauna. Sai da wayarsa ta yi ta ƙara a aljihun gaban rigarsa, ta katse, ta sake ɗauka, sannan na dube shi da kyau, domin Baba ba ya barin kira ya katse, yakan ce wataƙila uwar wani yaro ce. Na taɓa hannunsa. A nan na gane.

Ya zama dole in bayyana wa jama'a yadda aka yi mutane da yawa suka zauna kusa da shi ba wanda ya lura, saboda na ji ana ta maganar a unguwa, wasu ma na cewa sakaci ne. Marigayi yana da wata ƙa'ida tun ranar da ya buɗe shagon nan. Makullin ƙofa guda ɗaya ne tak, kuma ba a hannunsa yake kwana ba. Duk mako yaro ɗaya ne ke rataya shi a wuya, ya tafi da shi gida, ya zo ya buɗe da safe. Idan yaron ya makara, kowa zai jira a waje, har shi Baba. Ba a aika masa, ba a kiransa a waya, ba a kuma zaginsa a bayan idonsa. Baba yakan zauna a bencin nan ya rufe ido ya yi shiru har sai yaron ya iso, ya ga da idonsa yawan mutanen da ya tsayar. Daga nan ba faɗa, ba duka, sai dai a ce masa ya buɗe a shiga. Wannan shirun muka saba da shi. Shi muka ɗauka yana yi a ranar.

Marigayi Babban Mai Horarwa ya shafe shekaru masu yawa yana bin tashoshin mota da bayan kasuwa da kangwaye yana kwaso yaran da kowa ya gaji da su: waɗanda aka kora daga makaranta, da masu shaye-shaye, da waɗanda iyaye suka gaji da zuwa karɓo su a wurin 'yan sanda. Kowane yaro yakan haɗa shi da wani mai sana'a ya zama yayansa, wanda zai san inda ya kwana da abin da ya ci. Ya koya musu riƙe zarto da guduma, da yin awo sau biyu kafin a yanka katako, da yadda ake gaida mai kawo aiki ko da ya zo da masifa. Amma da za a tambaye shi, zai ce duk wannan ƙari ne, makullin nan shi ne makarantar. Mun sha yi masa musu a kwamiti a kan a yanko na biyu a ajiye saboda tsaro. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ranar da yaro ya san akwai wani makullin, ranar ya san ba a yarda da shi ba."

Ni shaida ce, ba don ina sakatariya ba. Ɗana na fari yana cikin waɗanda ya fara ɗauka, a lokacin da ni uwarsa nake kulle ɗakina in zan shiga wanka saboda shi. Ranar da ya dawo gida da makullin shago a wuyansa na tafi wurin Baba a guje na ce masa ya rufa mini asiri ya karɓe abinsa, kafin a wayi gari babu ko ƙusa ɗaya a shagon. Ya yi dariya ya ce in koma in ɗinka wa mutane kayansu, in bar masa nasa ɗinkin. Yaron nan bai yi barcin kirki ba duk makon, yana ta lalubar wuyansa. Yau yana da nasa shagon, da yara a ƙarƙashinsa, shi ma makullinsa ɗaya ne.

A makon da Allah ya yi wa Baba rasuwa, makullin yana hannun wani yaronmu da 'yan'uwansa ke kira Siriri. Bai daɗe da zuwa ba, kuma wannan ne karonsa na farko, bayan ya yi ta tambayar yaushe za a zo kansa. Ba mu san abin da ya makarar da shi ba. Wasu sun ce kakarsa ce ba lafiya, wasu sun ce barci ne, ni dai ban sani ba. Ya iso daidai lokacin da ake saka Baba a mota, ya tsaya a tsallaken titi da makullin a wuyansa. Cikin kuka da ruɗewa wani yaro ya ɗaga murya ya ce masa da ya zo da wuri da Baba bai mutu a waje ba. Siriri ya juya ya ruga. Tun daga lokacin ba mu sake ganinsa ba. Ba ya wurin kakarsa, yayansa na sana'a ya zagaya tasha da duk inda ya saba zama a da, ba wanda ya ce ya gan shi. Yaron da ya faɗi maganar kuwa yana nan ko abinci ba ya iya ci.

Ƙungiya na sanar da jama'a, da babbar murya, cewa likitan da ya duba marigayi ya tabbatar mana zuciyarsa ce ta tsaya, kuma da a cikin shago yake, ko a kan gadonsa, da hakan za ta faru. Babu hannun kowane yaro a ciki. Muna roƙon masu yaɗa wata magana daban su ji tsoron Allah su bari.

Kwamitin Amintattu ya zauna a kan maganar ƙofar, ya tashi ba a tsayar da komai ba. Mai girma Shugaban Kwamiti, tsohon hedimasta, yana ganin a fasa kwaɗon, domin akwai aikin mutane a ciki, kujerun wata makaranta da gadon wani bawan Allah da ke ta zarya, kuma gaskiyarsa ce. Mai walda na kusa da mu har ya jawo injinsa zuwa bakin ƙofa. Sai uwargidan marigayi, Mamanmu, ta aiko daga inda take zaman makoki cewa mijinta bai taɓa fasa kwaɗo a kan yaro ba, ko ranar da ya jira har rana ta take, kuma ita ma gaskiyarta ce, alhali tabaransa da rigar aikinsa suna rataye a ciki tana son ta gan su. Ni da aka ce in rubuta matsayin ƙungiya, wallahi ban san matsayinmu ba. Da safe in ce a fasa, da yamma in ce a bari. In muka fasa, mun gaya wa Siriri cewa an gama da shi. In muka bari, sauran yaran suna zaune a titi, daga titin nan kuwa aka kwaso su, har wasu sun fara ɗauke ƙafa. Mutum ɗaya ne zai iya raba mana wannan gardama, shi ne kuma muka rasa.

A madadin Shugaba da mambobin Kwamitin Amintattu, da masu horarwa, da iyaye mata na ƙungiya, da ɗaukacin yaranmu na da da na yanzu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayi, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da 'yan'uwansa, waɗanda suka haƙura suka raba shi da 'ya'yan wasu tsawon shekaru ba su taɓa yi mana gori ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da ya yi wa yaran nan ya tarar da shi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu ma ya ba mu.

Muna roƙon duk wanda ya ga wani yaro dogo marar jiki, da igiya baƙa a wuyansa, kada ya kama shi, kada ya yi masa faɗa. A gaya masa kawai ni Anti Tela na ce ba wanda ke fushi da shi.

Siriri, in wani ya karanta maka wannan, makon nan har yanzu naka ne, ba a ba kowa ba. Kullum da safe muna zuwa mu zauna a bencin Baba, mun bar wurinsa ba wanda ke zama. Ba mu fasa kwaɗon ba, ba mu kuma yanke shawarar ko za mu fasa ba. Shagon yana nan a kulle, ba a buɗe shi ba tun ranar.

Sa hannu:
Anti Tela,
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Kama Hannun Samari,
a madadin Kwamitin Amintattu.