Layar da Baba Ya Rataya a Motar Sulke

Daren Talata, Birnin Gwari

Gobe matata Ladi za ta bi ayarin Kaduna ganin likita. Sau biyu na roƙi direban motar da za ta hau ya liƙe wa motar sulken da ke rakiya, amma hankalina bai kwanta ba. Na tambayi Baba, tunda ya tuƙa irinta a yaƙin basasa.

Ya ce, "Tana tare harsashi, amma a daji makauniya ce, kuma ita ake fara kai wa hari. A ba ta tazara."

Ashe kuskure na yi. Da asuba zan koma wurin direban.

Baba ya ɗauko tsohuwar layarsa ta yaƙi, ya miƙa wa Ladi. "Ungo, 'yata. Ban san ko tana aiki ba, ni dai na dawo."