Takardar Halartar Miting Ɗinmu da Kamfanin Waya Ya Mayar Takardar Goyon Baya

Assalamu alaikum admin, sannu da ƙoƙari. 'Yan uwa Musulmi da Kirista na wannan gida barkanku da war haka. Don Allah a ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, domin kwana huɗu kenan ina jin ƙyamar kaina da ta wasu mutanen da nake gaisarwa a durƙushe.

Ni mai gyaran waya ne a nan Jos, ina zaune a Ali Kazaure da matata da 'ya'ya biyu. Bayan gyara ina yi wa mutane rajistar layi da wata na'ura da wani kamfanin sadarwa ya ba ni, ba zan kama sunansa ba, kuma gaskiya rajistar ce ke riƙe gidana fiye da gyaran. Ni ne kuma sakataren ƙungiyarmu ta masu gyara da sayar da waya. Ciyaman ɗinmu maigidana ne, zan kira shi Alhaji kawai. Shi ya koya min sana'a, shi ya ba ni gefen shagonsa, shi ya shige gaba ranar da aka je nema min aure. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa abin ya yi min nauyi.

Tun bara na lura mutane suna kawo min waya wai ta lalace, bidiyo ba ya buɗewa, sai dai abin nan ya yi ta zagayawa. In duba, lafiyarta ƙalau. A wuri ɗaya, a waya ɗaya, in layin kamfanin nan ne a ciki, manhajar fim da waƙa ta kamfanin tana gudu kamar ruwan famfo, manyan shafukan hira ma haka, amma ka taɓa wani ƙaramin shafi sai ya tsaya cak. In cire layin in sa wani, ya buɗe. Na gwada wannan ya fi a ƙirga, ba labari aka ba ni ba.

A cikin masu kawo min waya akwai wata dattijuwa daga Vom, zan kira ta Mama Ladi. Ta yi ritaya daga aikin kula da dabbobi, 'yarta ta haɗa mata ɗan shafi inda mata masu kiwon kaji da awaki suke tura bidiyon dabbar da ba ta da lafiya, ita kuma ta faɗa musu abin yi. Kyauta take yi. Sau uku tana shiga mota tun daga Vom da waya a ƙulle a leda, tana cewa, "Ɗana, ka duba min wannan abu, kaza yana mutuwa kafin bidiyo ya sauka." A zuwa na uku na gaya mata gaskiya, na ce Mama ba wayarki ba ce, layin ne yake zaɓen wanda zai ba hanya. Ta ce ko ta canza ma ba amfani, don a ƙauyukansu wannan layin ne kaɗai yake kamawa.

To ana haka sai Alhaji ya ce min kamfanin zai zo ya zauna da ƙungiyarmu don jin koken jama'a, kowa ya gayyato kwastomansa. Wallahi har daɗi na ji. Ni da bakina na kira Mama Ladi na ce ta zo ga dama ta samu, ta zo da mata biyar. An kama ɗakin taro, an kafa laimomi masu kalar kamfani, ogan kamfanin na yankinmu ya zo da kwat da murmushi, rabin maganarsa Turanci rabi Hausa. Mama Ladi ta miƙe ta yi bayani tsaf, har aka tafa mata. Ogan ya dafe ƙirji ya ce maganarta ta taɓa shi, har Abuja zai kai ta. Aka raba riguna da shinkafa a roba, kowa ya watse.

Ga inda na yi wauta. Mu a ƙungiyarmu tun fil azal haka muke yin takardar halarta: farar takarda nake ja wa layi, suna, lambar waya, sa hannu, ta zagaya. Saman takardar a buɗe nake bari, sai na koma gida in rubuta kan magana da kwanan wata da hannu mai kyau. Dattawan da ba sa boko ni nake rubuta musu suna, su goga tawadar biro a babban yatsa su dangwala. Kuma da takardar ake raba abinci, saboda haka babu wanda yake tambayar me ya sa wa hannu, kowa sauri yake kada shinkafa ta ƙare. Ana tashi ogan ya dafa kafaɗata ya ce, "Sakatare, ba ni atandans ɗin nan, ofis suna so su ga mun raba abinci da gaske." Na miƙa masa shafi huɗu, ko hoto ban ɗauka ba.

Bayan sati biyu Alhaji ya kira ni cikin shago, fuska cike da fara'a, wai an karrama ƙungiyarmu. Ashe hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa tana sauraron ra'ayin jama'a kan wata doka. Dokar a taƙaice cewa take data data ce, tunda ka saya, kamfani ba shi da ikon rage wa wani shafi gudu ya ƙara wa nasa ko na wanda ya ba shi wani abu. Su kuma kamfanonin so suke a ce dokar ta tsaya kan intanet na igiya da ake ja wa ofisoshi, banda na wayar hannu. Don Allah jama'a, a Dutse Uku ko Ali Kazaure gida nawa ne aka ja wa igiya? Duk intanet ɗin talaka a aljihunsa yake. Alhaji ya ce ni aka zaɓa in je Abuja ranar Alhamis in karanta matsayar ƙungiya, mota da masauki duk a kansu, ya miƙo min takarda a cikin fayil.

Na karanta a tsaye. Wasiƙa ce da Turanci mai santsi, tana cewa mu ƙananan 'yan kasuwa da manoman Filato muna roƙon kada a sa wayar hannu a cikin dokar, wai yadda kamfani yake tsara gudun intanet alheri ne ga talaka, kuma mun gamsu. Na juya baya, sai ga shafukana huɗu, rubutuna, layukan da na ja da rula. A saman da na bari fili sun buga da kwamfuta cewa waɗannan su ne masu goyon baya. Ga yatsun dattawa. Ga sunan Mama Ladi na bakwai, da matan nan biyar a ƙasanta. Matar da ta taso tun daga Vom don ta kai ƙara, an mayar da ita shaidar wanda ta kai ƙarar. Riga ce ta kamfanin a jikina ranar, na ji kamar kayan wanki na sa.

Mun yi maganar da ban taɓa yi da Alhaji ba. Na ce masa wannan cin amana ne, ya ce in iya bakina. Ya ce kamfanin nan ne ya sa mana sola a layin shaguna, shi ya ba yaranmu na'urorin rajista, kuma dokar Abuja da mu da babu mu abin da manya suka shirya shi za a yi. Ya ce ƙaramin tsarin datar nan na hira kawai shi talakawa suke iya saya, in dokar ta hana kamfani sayar da shi wa gari ya waya? Wannan kam ban ƙaryata shi ba, ni ma matata shi take saya. Amma na ce in maganar gaskiya ce me ya hana su karanta wa mutane da Hausa a ɗakin taron, su ga hannu nawa za su samu? Sai ya ce bai san na yi girman da zan tsaya ina yi masa tambaya ba. Abin da ya fi ƙona min rai, daga yadda ya kau da kai na gane tun kafin taron ya san abin da za a yi da takardar.

Na kira ogan, ya yi dariya, wai haka ake yi ko'ina, ba ƙarya suka yi ba tunda mutanen sun halarci tattaunawa. Ya ƙara da cewa, "Ka yi tunani, mai gida. Wata mai zuwa za mu sabunta sunayen masu na'ura, kuma takardar sunayen tana kan teburina." Cikin ladabi ya faɗa, har da gaishe min da iyali. Ban taɓa jin gaisuwa mai ƙazanta irin wannan ba.

Matata ta ce in ce ba ni da lafiya ranar, shi kenan. Amma ko na kwanta wani za a tura, takardar za ta shiga da rubutuna. In na je na karanta wasiƙar har da sunayen, na tsaya gaban jama'a na yi ƙarya da sunan mutanen da ni na miƙa musu biro. In kuma na je na ajiye takardar na ce atandans ne na shinkafa, na'ura ta tafi, gefen shago ya tafi, na tozarta mutumin da ya zame min uba, kuma a unguwa ni za a kira butulu, ba wanda zai tsaya jin bayanin gudun intanet. Ba na so in yi muku ƙarya cewa ni jarumi ne, tsoro nake ji sosai.

Jiya da hantsi ina cikin ɗora gilashin wata waya sai ga kiran Mama Ladi. Ashe labari ya kai mata cewa ni zan je Abuja. Murya cike da murna take cewa, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na gaya wa mata duka, kai ne za ka kai kukan mu. An ce za a nuna a waya, za mu taru a gida na mu kalle ka." Ta ce Laraba za ta aiko min da madara da ƙwai na hanya. Na buɗe baki in gaya mata, abin da ya fito kawai shi ne, to Mama, na gode.

Yau Litinin. Don Allah ku gaya min, in je in karanta, in ƙi zuwa, ko in je in fasa ƙwan? Kuma masu cewa in yi shiru saboda 'ya'yana, ban ƙi ta taku ba, amma ku haɗa min da abin da zan ce wa matar nan ranar Alhamis, lokacin da ta ji na kira sunanta a cikin waɗanda suka gamsu.