Muryar da Sulle Ya Bari

Unguwar Hajji, Ƙaraye
4 ga Agusta, 2023

Zuwa ga Baba Malam Badaru, Zoza.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya ƙarfin jiki, ya damina? Sunana Khaula, 'yar marigayi Sulle tela. Na nemi lambar wayarka, aka ce tun da aka yi maka aikin maƙogwaro ba ka magana sai raɗa, shi ya sa na rubuto. Allah ya ƙara sauƙi.

Baba ya rasu bayan ƙaramar salla. Tun muna yara yana da wani ɗan amo da yake yi in yana kan keken ɗinki, can ƙasan maƙoshi, kalma ɗaya tal: "dawo, dawo." Da shi ya rene mu, ni ma da shi nake lallashin nawa yaran. Ana gobe zai cika ya yi ta yin sa, sai ya tsaya ya ce, "Ina Badaru ya ɗora?" Ba wanda ya gane.

A wajen zaman makoki wani dattijo ya ce ai kai da Baba kun taɓa yin ƙungiyar waƙa da samartaka. Kawuna Ilu ya yi dariya ya ce Sulle dai ba waƙa yake ba, gurnani yake yi muku a baya. Mutane suka yi dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai har yau. Baba Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya ko ba daɗi. Mahaifina mawaƙi ne, ko raka ku kawai yake yi?

A gaida Inna da yara. Na bar ka lafiya.

'Yarka,
Khaula Sulle

Zoza, Rogo
13 ga Agusta

'Yata Khaula,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai dai ita ce ta fara kawo mini rasuwar Sulle. Na daɗe zaune da ita a hannu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri.

Ilu kuwa ki rabu da shi. Lokacin da muke waƙa majina yake ja, bai san komai ba.

Mu uku ne, ni da ubanki da Yusha'u na Gwangwan. Wani malamin makaranta ne yake da garmaho da fayafayan baƙaƙen Amurka, irin waƙar da ake kira sol. Ba ma jin abin da suke faɗa, amma mun ji yadda muryoyi ke hawa kan juna, muka ce mu ma sai mun yi da Hausa. Ba ganga, ba garaya, sai ƙyasta yatsu. Aka sa mana suna 'Yan Marka, don a tsakiyar damina muka fara. Mun yi bukukuwa daga Rogo har Ƙaraye, dattawa na cewa mun lalace, 'yan mata na hawa katanga.

Ga yadda abin yake. Kowa da muryarsa, kuma ba wanda ya iya ta ɗan'uwansa. Sulle ne ƙasa, Yusha'u tsakiya, ni sama da baitoci. Sulle ke farawa, mu hau kansa. In ya yi tari a tsakiyar waƙa, wallahi duk zubewa muke. Abin da kika ji yana yi a kan keke ba gurnani ba ne, gindin waƙar ne, sauran ne babu.

Damina biyu kawai muka yi. Ba faɗa aka yi ba. Yusha'u ya samu tuƙin babbar mota, ni mahaifina ya tura ni gabas karatu. Masu ɗaukar murya sun ce za su zo daga Kano, ruwa ya cinye hanya, ba su ƙara waiwayo ba. Ko kaset ɗaya ba mu bari ba.

Yusha'u ya riga mu gidan gaskiya, amma ɗansa Abdulhadi yana Gwangwan. Ki tambaye shi ko uban ya bar masa wani abu.

Ubanki mawaƙi ne. Ki gaya wa Ilu ni na ce.

Naki,
Badaru

Unguwar Hajji, Ƙaraye
2 ga Satumba

Baba Malam,

Assalamu alaikum, ina wuni, ya jiki? Na karanta takardarka na yi kuka, na sake karantawa.

Maigidana ya kai ni Gwangwan. Da na yi wa Abdulhadi bayani sai ya sunkuyar da kai, ya ce ai shi ma ubansu yana da wani amo da yake yi in yana wanke mota, suna ta tsokanarsa wai waƙarsa ba kai ba gindi. Na ce ya yi mu ji. Ya ji kunya, sai da matarsa ta matsa masa. Na fara na Baba, ya shigo da nasa. Baba Malam, muryoyin nan biyu suka zauna da juna daram, kamar murfi da tukunya. Amma ana jin gurbi a sama, inda ya kamata wani ya shigo bai shigo ba.

Maigidana ya ɗauka a waya, ya tura wa 'yarka Ummu Hani don ta kunna maka. Roƙona ɗaya ne. Ka koya mana naka, ko da raɗa ne, mu haɗa ta sau ɗaya, in ji abin da Baba yake jira.

Allah ya ƙara girma.

Khaula

Zoza
10 ga Satumba

Khaula,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki da mai gidanki.

Abin da kika roƙa ba ni da shi. Baitocin zan iya rubuta miki, amma karin ba ya rubutuwa, kuma raɗa ba ta hawa sama. Na gwada a gona inda ba kowa, iska ce kawai ta fito. Su Sulle sun bar wa 'ya'yansu nasu, ni da na dawo daga gabas aka ba ni allo da ɗalibai, ban ƙara buɗe baki da waƙa a gidana ba. 'Ya'yana ba su ma san na taɓa yi ba.

Na hana Ummu Hani kunna abin. Ba zan iya jin gurbina a buɗe ina zaune ba. Ki yi haƙuri, 'yata, nawa ya tafi tun kafin ni.

Wassalam.
Badaru

Zoza
29 ga Satumba

'Yata Khaula,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Ummu Hani ba ta jin magana. Jiya da hantsi ina tsakar gida ta kunna. Na ji ki kin fara, sak ubanki, Abdulhadi ya hau. Da aka zo gurbina na runtse ido.

Sai na ji an ɗora. Innarku Laure ce, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ruwa ya sauka, gero ya tsaya, kai ne ba ka dawo ba." Har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tun aurenmu ban taɓa jin ta yi ba. Na ce mata a ina ta ajiye shi? Ta ce a bikin yayarta ta fara ji, kuma ta san don ita nake ɗaga muryar, to ta yaya za ta manta.

Na yi kuka a gaban 'ya'yana, ban ji kunya ba.

Ku zo ke da Abdulhadi, kada ku jira a gama kaka, mu ba yara ba ne. Ki taho da Ilu. Ke za ki fara kamar yadda Sulle yake yi, Laure za ta ɗora.

Ubanki,
Badaru