Bokitin Fenti Ruwan Ɗorawa

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da iyali, da mutanen Kangire baki ɗaya. Yaya ƙafar Baba?

Damina uku ke nan rabona da gida, har yanzu ina nan Fatakwal ina koyon fenti. Kwanan baya maigidana ya ce in haɗa launin da zai dace da tsohon bangon wata mata. Na duba na ce ai ruwan ɗorawa ne, na kwarara rawaya. Ya fito kamar kwaiduwar ƙwai. Ya ce in na sake ɓata masa bokiti, in nemi wani wurin. Na ji zafi, amma da gaskiyarsa, fenti ya yi tsada.

Na zauna ina kallon bangon har na gane fari ne ya fi yawa, rawaya gwangwanin madara ɗaya, baƙi ɗigo kaɗan. Na shafa, ya bushe, ba ka gane inda sabo ya fara. Bai yaba ba, bai kuma kore ni ba.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Malam Habu na Maruta. Sallar bana kada Inna ta sa ido. Abin da na tara kuɗin zuwa ne kawai, babu na komowa.

Ƙaninka,
Isuhu